Muhawara: Ina ake samun hanyar hawan keke cikin dajin Adar?

Dan_Bilbis:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na samu VTT, wato keken hawan dutse, na hannu, cikin irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, taya inci 26, giya da birki duk lafiya lau. To na gaji da zagayen kwalta cikin garin Tawa, ga ƴan kabu-kabu suna danna wa mutum ham a kunne, ga manyan motoci na hanyar Agadas ba su san da zaman mai keke ba. Hanyar daji nake nema, wadda za ka hau tudu ka gangara kwari, ka bi ta ƙauyuka ka dawo gida kafin rana ta buɗe. Wa ya san irin wannan a kewayen gari, ko ta wajen Funkoye, Kalfu, Keita? Kuma bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, wanda zai yi gardama ya yi: in ka cire duwatsun Ayar, babu ƙasar da ta kai Adar dacewa da wannan wasa a duk Nijar. Mu ne dai ba mu san abin da muke da shi ba.

Na_Tamaske:
Wa alaikumus salam. Kafin ka nemi hanya ka nemi faci da famfo. Ƙaya ce ke mulkin dajin nan.

Malam_Mai_Ritaya:
Ɗana, ka ba ni dariya da safen nan. Hanyoyin da kake nema ai mun cinye su tun ba a haife ka ba. Lokacin da nake koyarwa a wani ƙauye tsakanin Tamaske da Keita, a kan Phoenix nake zuwa karɓar albashi, keke baƙi mai nauyi, giya ɗaya tak, na ɗauro kwalin alli da ɗan buhun hatsi a baya. In an zo hawa sai a sauka a tura, in an zo gangara sai a riƙe birki biyu ana salati. Ba wanda ya ce mana wasa muke yi. Yanzu ku kun saye mai giya ashirin da wani abu kuna tambayar ina hanya take. Hanya tana nan inda jaki ya bi. Duk ƙauyen da ke da kasuwa, akwai turba daga kowane ƙauyen da ke kewaye da shi, ka bi sawun amalanke ba za ka ɓata ba.

Dan_Bilbis:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sawun amalanke na gwada shi ta wajen Kolloma, rairayi ne zalla, taya na nutsewa. Shi ya sa nake neman ta kan dutse.

Mai_Gyara_Wadata:
Ni aikina ke nan, gyaran keke da babur, bari in sa baki. Abu na farko, ka gode wa Allah da ka samu taya 26. Masu ɗaukar 29 saboda sun gani a intanet, ranar da taya ta yage sai sun aika Yamai ko Sakkwato, keke ya yi wata yana jingine a zaure. 26 kuwa ko a kasuwar ƙauye za ka samu. Abu na biyu bakin hura iska. Kekunan Turawa da yawa suna zuwa da siririn baki, wanda famfon masu faci na bakin hanya ba ya kama shi. Ko dai ka sa a sake maka da mai kauri irin na babur, ko kada ka fita ba tare da famfonka ba.

Maganar rairayi kuma, ka rage iska kaɗan, taya ta ɗan kwanta, ka saki giya mai sauƙi, ka matsa baya a kan sirdi kada ka danne gaba. In ka hau kan tsakuwa ka mayar da iskar, don in taya ta yi laushi ta daki gefen dutse, tsinkewa biyu take yi a wuri ɗaya. Dabarar ƙaya da muke yi a nan: ka nemi tsohuwar taya, a yanke gefunanta, a shimfiɗa ta cikin sabuwar. Keke zai ƙara nauyi, amma tsaida da ƙananan ƙayoyi ba za su kai ciki ba. Ƙayar aduwa ce dai ba ta jin magani, in ta shiga ta shiga. Kuma don Allah ku bar zuba wa kaca baƙin man mota. Da ƙura ya haɗu sai ya koma yana cin haƙoran giya. Ɗigo kaɗan na mai marar kauri, ka goge da tsumma, shi ke nan.

Dan_Harobanda:
Dan_Bilbis, na yarda Adar na da duwatsu, amma cewa babu kamarta sai an duba. Mu nan Yamai in ka tsallaka gadar Kennedy ka nufi duwatsun nan uku da ake kira Trois Sœurs, akwai hawa mai kyau, in ka kai sama ka ga kogin Isa da gari gaba ɗaya. Ga bakin kogi ta wajen Bubon, ga gonakin shinkafa da za ka bi kan gaɓarsu. Mu muna da ruwa a gefe. Ku me za ku kalla in kun hau, ban da dutse sai wani dutsen?

Bagobirin_Madawa:
Ku ji Bazabarme! Tudu uku kacal gare ku har kun raɗa musu suna da Faransanci. Ka zo Majiya in kai ka Buza, in ka iya hawa wannan dutsen ba ka sauka ka tura ba, ni zan biya maka kuɗin mota na komawa.

Dan_Harobanda:
Bagobiri, kai da keke ai sai dai ɗaukar albasa. Ka tanadi kuɗin motar, ina zuwa.

Hadiza_Gandun_Daji:
Sannunku da muhawara. Ni ba na hawan keke, amma aikina ya shafi wuraren da kuke magana a kai, shi ya sa zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Kan dutsen da Dan_Bilbis yake so ya bi, yawancinsa ba wurin banza ba ne. In ka ga fako an yi masa ramuka masu siffar rabin wata, ko jerin duwatsu da aka kwantar a tsallaken gangara, ko ƙananan ramukan tassa, wannan gumin mutane ne. Aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka fi yin sa, suna ɗaukar duwatsu a ka ana biyan su da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa, an yi madatsun ruwa, an farfaɗo da ƙasar da aka riga aka yanke ƙauna da ita. Ta wajen Illela da Badagishiri kuma tassa ce ta mayar da fako ya zama gona. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da kuke gani masu tare iska, tun 1975 aka fara dasa su.

Me ya haɗa wannan da keke? Rabin wata gaɓarsa ƙasa ce aka tara. In taya ta hau ta a wuri ɗaya sau da yawa sai ta yi ƙofa, ruwan farko na damina ta nan zai fita, ramin bai riƙe komai ba. Jerin dutse kuma in ka ture guda biyu don ka wuce, ka buɗe wa ruwa hanya, shekara mai zuwa kwazazzabo ne a wurin. Na ga abin da ƴan babur suka yi a wani wuri da muka gyara, sawu ɗaya ne miƙe daga sama har ƙasa, bayan damina biyu ya kai gwiwa. Ban ce kada ku hau ba. Ku bi turbar da take nan, kada ku ƙirƙiro sabuwa don ta fi daɗin gangarawa.

Dan_Bilbis:
Hajiya Hadiza na gode, wannan magana ce ta ilimi. Amma keke fa bai kai nauyin jaki da kaya ba, kuma garken shanu na bi ta wurin kullum. Anya mu biyar ko shida za mu yi ɓarnar da za a gani?

Hadiza_Gandun_Daji:
Ƙanena, jaki ba ya jan birki. Shi yana kewaya tudu a hankali, ku kuma kuna son ku miƙe ƙasa kai tsaye kuna jan tayar baya. Wannan jan ne ke kankare ƙasa. Kuma wuraren da aka gyara sau da yawa ana hana kiwo a cikinsu na wasu shekaru, akwai kwamitin ƙauye da mai gadi. Makiyayin da aka ci tararsa don akuyarsa ta shiga, yaya zai ji in ya ga ƴan birni sun ratsa suna ɗaukar hoto?

Ba'adare_Abidjan:
Ni abin da ban gane ba, mi za ka nema cikin daji da keke in ba saƙo aka ba ka ba? Mu mun baro gida muna hwama da rana nan Kwaddibuwa don a samu na hatsi, ku kuna neman wahala da kuɗinku. Allah shi kyauta.

Likita_Ousmane:
Ba'adare_Abidjan, wahalar nan magani ce. Mu da muke asibiti mu ne muke ganin yadda hawan jini da ciwon sukari suka cika ma'aikatan ofis, mutum daga kujera sai babur, daga babur sai tabarmar fada. Gara ya sha wahalar keke. Sai dai Dan_Bilbis ka kula da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinku. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 kusan kullum, kan dutse babu inuwa, in ba ka dawo kafin ƙarfe tara ba kana wasa da ranka. Ruwa kada ya gaza lita biyu ko uku, kuma ka riƙe ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ka ji kai na sarawa, ko ka ga gumi ya ɗauke alhali kana jin zafi, tsaya ka nemi inuwa ka jiƙa jiki. Hular kwano kuma ba ado ba ce, dutsen Adar ba ya lotsawa.

Na_Tamaske:
Tun da kowa na wa'azi ba wanda ya ba yaron nan hanya, bari ni in ba shi. Kada ka taka daga Tawa, za ka ƙare ƙarfinka a kan babbar hanya. Ka ɗora keken a motar kasuwa zuwa Tamaske ka kwana. Da asuba ka kama turbar da ke bin gindin dutse ta gefen kwari, ka bar garake a hannu ɗaya, dutse a ɗaya hannun. Nan ƙasa na da ƙarfi, tsakuwa ce da ɗan laka, ba rairayi sosai. Lokacin sanyi kwarin kore ne shar, albasa, tumatir, kabewa, injinan ban ruwa na ta ƙara. Inda ka ga turbar mata masu itace ta haura, ka bi ta, ita ce ke kai ka saman dutse. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, duwatsu na gangarowa ƙarƙashin taya. Saman kuma shimfiɗe yake sai ka ce an daɓe, geza da sabara nan da can, kana iya tafiya mai nisa kana hango kwari a ƙasa. Wurin sauka kada ka yi ganganci, ka tambayi yaran kiwo su nuna maka ta inda jakuna ke sauka. Ka ƙare a Keita ka sha fura, ka shigo mota.

Dan_Bilbis:
Yawwa! Irin wannan nake nema. Allah ya saka da alheri. Kilomita nawa za ta kai?

Na_Tamaske:
Ban taɓa aunawa ba. In ka fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya yi zafi kana Keita, in ƙaya ta bar ka.

Etudiant_UDH:
Tun da an zo maganar saman dutse, in kun tsaya shan ruwa ku duba ƙasa a gefen gangara inda farin dutse ya fito. Za ku ga katantanwa da ƙwanson halittun ruwa da suka zama dutse. Ƙasar nan teku ce ta rufe ta kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, shi ya bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Jan dutsen da ke saman kuma mai ƙarfe ne, shi ya hana saman zaizayewa, ruwa ya ci gefe-gefe ya bar kwaruruka. Dalilin da ya sa duwatsunmu ba su da tsini ke nan, duk kansu a baje.

Ba'adare_Abidjan:
Teku a Adar? To ina ruwan ya tahi ya bar mu da tonon rijiya gaba arba'in?

Tsohon_Soja_77:
Ku yi dariya amma ku saurare ni. Ba wanda ya yi maganar tsaro, kuma ita ce gaba da ƙaya da zafi. Kun san abin da ya faru a ƙauyukan Tilliya a watan Maris na 2021, mutum fiye da ɗari aka kashe rana ɗaya. Dan_Harobanda kuma ya san Kure, inda mutanen Yamai ke zuwa kallon raƙuman dawa, tun harin 9 ga Agusta 2020 wurin bai koma yadda yake ba. Ban ce Keita ko Tamaske haka suke ba, mutane na harkokinsu lafiya. Amma zamani ya sake. Baƙuwar fuska a daji, da hular kwano da baƙin tabarau da waya a ɗaure kan keke tana nuna taswira, ɗan ƙauye bai san mene ne kai ba. Yana iya kiran jandarma, kuma yana da gaskiya. Shawarata: katin ɗan ƙasa a aljihu, kada ka fita kai kaɗai, ka faɗa wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowa. In ka shiga ƙauye ka cire tabarau, ka sauka daga keke, ka yi sallama, ka tambayi gidan maigari. Arewa da yamma masu nisa ka bar su tukuna. Kada ka ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ko eriyar waya.

Dan_Harobanda:
Gaskiya ne Yallaɓai. Mu ma nan an taƙaita. Wuraren da muke zuwa da, ta hanyar Torodi da Say, yanzu ba mai kai kansa. Har duwatsun da na yi wa Bagobiri alfahari da su, sai mun tambayi halin da ake ciki kafin mu je, wani lokaci mu haƙura mu zagaya cikin dogon yaron ceinture verte, dashen itatuwan da ya kewaye Yamai, ita ma gine-gine da bola sun ci rabinta.

Zara_Keke:
Ina ta karantawa ina jira in ga ko wani zai tuna akwai mata. Ni ina hawa, a nan Tawa, kuma ba yau na fara ba. Cikin gari ne ake kallona ana magana, wani har ya rage gudun babur don ya faɗi abin da ke ransa. A ƙauye kuwa matan da na tarar bakin rijiya dariya suke yi su ce in ba su su gwada. Wata tsohuwa ta riƙe sirdin tana latsawa, ta ce ƴar nan wannan ɗan abin kike zama a kai, ba ya ciwo? Ta sa aka kawo mini nono. Ni dai ina sa dogon wando da riga mai tsawo, in naɗe hijabi cikin hular kwano don kada kaca ta kama shi, kuma da ƙanena nake fita. Dan_Bilbis in kun haɗa tafiya ku sa da mu, amma ba ta kwana ba.

Abu_Hafsat:
Ƴar'uwa ba don in ɓata miki ba, amma mace cikin daji a kan keke, ni ban ga dacewarsa ba.

Zara_Keke:
Malam, matan da suka ɗauki duwatsun da Anti Hadiza ta faɗa, a cikin wane wuri suka ɗauke su? Kullum mata na cikin dajin nan da itace a ka, tafiyar awa biyu, ba wanda ya ce bai dace ba. Mahaifina ya sani, ya yarda, shi ya saya mini keken.

Admin_Zaure:
Jama'a a tsaya kan batu. Hanyoyi aka tambaya.

Bagobirin_Madawa:
To ga tawa, ban da wasa. In kana son tafiya mai inuwa ka zo kwarin Majiya bayan an kwashe amfanin gona. Tsakanin layukan dogon yaron nan akwai turbobi, iska ba ta dukanka, ƙasa kuma laka ce busasshiya, keke na gudu. Amma da damina kada ka soma, lakar na liƙe wa taya har ta ƙi juyawa, sai dai ka saɓa keken a kafaɗa. Kuma koramun nan ba a yi musu ganganci: sama garau inda kake, an yi ruwa can kan dutse ba ka sani ba, sai ka ji ƙugi. Kowace shekara sai sun ci dabbobi, wani lokaci har mutane. In ka ga ruwa ja yana tafe da kumfa da karare, ka jira ya wuce ko da za ka kwana.

Ardo_Jikan_Ardo:
Hajiya Hadiza ta yi maganar manoma, bari in yi ta makiyaya. Burtali zai burge ku don yana da faɗi kuma ya miƙe, wasu ma an kafa musu turakun siminti. Ku sani hanyar dabbobi ce, doka ta san da ita. Lokacin da garke ke saukowa daga arewa bayan an saki gonaki, in kuka shigo da gudu kuna ƙyalli, shanun da ba su saba ba za su watse, in suka faɗa garkar wani rigimar a kan makiyayi za ta ƙare, ku kun yi gaba. In kun hango garke ku tsaya gefe, ku bar su su wuce. Raƙumi ma ya fi saniya tsorata. Karnukan ruga kuma kada ku yi tsere da su, ba za ku ci ba. Ka sauka, ka sa keken tsakaninka da shi, ka kira masu gida.

Dan_Bilbis:
Wato dai ko'ina na nufa akwai mai wurin. Fako na masu rabin wata, burtali na su Ardo, kwari na masu albasa. To ni ina nawa?

Malam_Mai_Ritaya:
Naka shi ne sallama, ɗana. Da ita muka bi ko'ina.

Mahamadou_Lyon:
Ina bin ku daga Faransa. A nan hanyoyin VTT an yi musu alama, kore mai sauƙi, shuɗi, ja, baƙi mai wuya, kuma ƙananan garuruwa na samun kuɗi da masu zuwa hawa, wurin kwana da abinci da hayar keke. Wasan nan tun 1996 yana cikin gasar Olympics. Afirka ta Kudu na da gasar Cape Epic tun 2004, mutane na zuwa daga ko'ina. Ko maƙwabtanmu Burkina, duk da nasu na kwalta ne, tseren keke na Tour du Faso tun 1987 suke yin sa, dubi yadda keke yake da daraja a can. Me zai hana ku auna hanyoyin nan da waya, ku sa su a taswirar intanet irin Strava ko OpenStreetMap, ku shafa fenti a duwatsu? In tsaro ya dawo, Keita da tafkin Tabalak kaɗai sun isa su jawo baƙi. Tabalak tun 2005 yana cikin jerin Ramsar, na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya, saboda tsuntsayensa, kuma kilomita 50 ne kawai daga Tawa.

Tsohon_Soja_77:
Mahamadou, auna hanya don kanka ba laifi. Amma ka wallafa wa duniya cewa kowace Lahadi ƙarfe shida kana wuri kaza, wannan ban ba da shawara ba. Ku riƙe a tsakaninku.

Hadiza_Gandun_Daji:
Fentin ma sai an tambaya. Mutanen ƙauye sun saba in suka ga alama a dutse ko itace, to wani ya zo auna fili ne. Kuna iya tayar da maganar gona da ba ku san farkonta ba. In da gaske kuke, ku fara da ƙauye ɗaya, ku zauna da maigari da kwamitin da ke kula da wurin, su da kansu su ce ga inda za ku bi. Ku ɗauki yaro ɗaya na garin ya zama jagora ku biya shi. Ni zan iya haɗa ku da mutanen da muka yi aiki da su, in kun yi alkawarin ba za ku kunyata ni ba.

Na_Tamaske:
Yaran ai sun fi ku iyawa. Akwai wani a unguwarmu, keken babansa ba birki, da silifa yake taka tayar baya, kuma haka yake saukowa daga dutsen da na faɗa muku da jarka biyu ta ruwa. In kuka ba shi VTT ban san inda zai tsaya ba.

Mai_Gyara_Wadata:
Na_Tamaske ka kawo mini keken yaron in sa masa birki kyauta, kafin a kai shi wurin Likita_Ousmane. Mahamadou kuma in za ka yi mana alheri, bar maganar fenti, ka aiko mana da ruwan liƙin nan da ake zubawa cikin taya da robobin birki. Su ne ba mu da su. Wanda ake sayarwa na babur yana yi, amma da zafin nan wata biyu ya bushe ya dunƙule.

Dan_Harobanda:
Tabalak ɗin nan da Mahamadou ya faɗa, ana iya zagaya tafkin da keke? In ana yi zan haɗa da zuwa karɓar kuɗina wurin Bagobiri.

Ardo_Jikan_Ardo:
Wani gefen ana bi, wani gefen garake ne da shingen ƙaya har bakin ruwa, wani kuma rairayi. Tafkin dogo ne, kuma girmansa na sakewa da lokaci, inda ka bi a watan Maris a watan Oktoba ruwa ne. Ka je dai don kifi.

Dan_Bilbis:
To na ji duka. Har yanzu ina kan bakana cewa Adar ta fi, Dan_Harobanda ma da bakinsa ya ce sun koma zagayen dogon yaro. Ga abin da nake gani: Lahadi mai zuwa mu fara da gajeruwa ta wajen Funkoye, mu fita bayan asuba mu dawo kafin tara, don Zara_Keke da ƙanenta su samu zuwa. Ta Tamaske sai Hajiya Hadiza ta yi mana magana da mutanenta. Wanda zai zo ya yi mini magana ta gefe, ba a nan ba, kamar yadda Yallaɓai ya ce.

Malam_Mai_Ritaya:
Lahadi kasuwar Tawa ke ci. Turba za ta cika da jakuna da amalanke masu shigowa gari tun duhu, ku kuna fita su suna shigowa. Ku mayar Asabar.

Etudiant_UDH:
Asabar muna da darasi da safe. Ba za a iya Juma'a da yamma ba?

Likita_Ousmane:
Da yamma dutse ya gama shan rana, zafi yake fitarwa, kuma in taya ta fashe magariba za ta same ku a daji. Safiya dai.

Sabon_Shiga_Konni:
Salam, yanzu aka sa ni a zauren, ban karanta duka ba. Akwai mai sayar da VTT taya 26 na hannu? Kuma ta wajen Konni zuwa Dogarawa akwai wanda ya taɓa bi?